Hawan Kibo ba wurin runtse ido ba ne

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina son yi a kan hanyar Abuja zuwa Jos. Na san wasu za su ce ana fama da tsadar mai da ta abinci, wa yake ta kallon duwatsu. Na ji, amma ku ɗan yi haƙuri ku karanta.

Duk mai bin hanyar nan ya san yadda take. Ka sha fama da cunkoson Nyanya da Mararaba da Masaka, ka wuce Keffi, ka tsaya Akwanga ka yi salla, ka bi ta Gwantu har Forest, zafi na gasa ka. Daga nan sai hanya ta fara miƙewa sama tana lanƙwasa. An iso Hawan Kibo ke nan, a ƙaramar hukumar Riyom, kuma a nan motar haya take yin tsit. Mai barci ya farka, mai gardamar siyasa ya haɗiye maganarsa, wata Hajiya a kujerar baya ta kama salati, kowa ya zuba wa ƙeyar direba ido. Ana gama hawa a yi hamdala, a koma kan gardama. Ba wanda ya waiga ya ga abin da ya bari a baya.

Wurin da ya fi ko'ina kyau a duk tafiyar, shi ne muke wucewa muna roƙon Allah ya fitar da mu. Ni a ganina wannan asara ce, kuma ba dole ba ne a ci gaba da yin ta.

Tsoron yana da dalili, ban raina shi ba. An yi haɗurra masu muni a hawan nan, yawanci manyan motoci ne birki ke tsinke musu a gangara. Da damina hazo kan sauko ya rufe hanya har ka kasa ganin motar da ke gabanka. In kana tafe za ka tarar da tirela maƙare da siminti tana jan ciki a giya ɗaya, hayaƙi baƙi ƙirin, yaron mota ya sauko yana biye da ita a ƙasa riƙe da guntun katako, idonsa a kan taya, yana jiran ta ce za ta koma baya ya tokare ta. Wanda ya ga wannan ba zai ga laifin direban da ya ƙi tsayawa ba. Na taɓa jin wani dattijo ya ce wa direbanmu, "Ɗana, ɗan tsaya mana in ɗauki hoto in kai wa jikoki." Direba ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, a ina zan tsaya?" Kuma gaskiyarsa. Gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami.

Tambayar direban nan ita ce dukkan maganar. A ina za a tsaya?

Don abin kallo kam akwai shi. Jos tana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma babban ɓangare na wannan tsayin a Hawan Kibo kake hawansa cikin ɗan lokaci. Shi ya sa kunnenka ke toshewa, shi ya sa in ka sauke gilashi iskar da za ta buge ka ba irin ta Akwanga ba ce. In ka samu ka waiga daga sama, za ka ga ƙasa shimfiɗe har inda ido ya gaza, ga gonaki, ga kurmi, ga rufin kwano yana ƙyalli nan da can. Daga wannan tudun ne kogin Kaduna da kogin Gongola suke tasowa. Mutumin Kaduna da ke tsallake gada kullum, da wuya ya san ruwan da ke ƙarƙashinsa daga duwatsun Filato ya gangaro.

A gindin hawan akwai Assop, ruwan da ke zubowa daga kan duwatsu, kimanin kilomita 60 da 'yan kai daga Jos. Ba shi da nisa da titi. Ka ajiye mota, ka taka da ƙafa cikin bishiyoyi, tun kafin ka gan shi za ka ji rugugi. Ruwan yana biyo dutse hawa-hawa, fari tas, ya taru a kwari, feshinsa yana jiƙa maka riga. Da damina yana da ƙarfi sosai kuma duwatsun suna da santsi, saboda haka mai yara ya riƙe su da kyau, wanda bai iya iyo ba kada ya bari samari su zuga shi. Mutane nawa ne suke wuce mashigar wurin nan kowane mako ba su san yana nan ba?

In ka hau ka doshi gari, sai ga Dutsen Riyom a gefen hanya, manyan duwatsu an ɗora wani kan wani kamar yaro ya jera su yana wasa, na saman kuwa ka rantse iska za ta ture shi. Mutanen yankin suna cewa fasalinsa ya yi kama da taswirar jihar Filato. Kowa dai ya je ya duba da idonsa. Gaba kaɗan, wajajen Kuru da Bukuru da Rayfield, za ka fara ganin tafkuna masu ruwa kore da tarin jar ƙasa a gefensu. Ba halitta ba ce. Ramukan haƙar kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari, ruwa ya cika su. Kuzar nan ce ta gina Jos, ita ta kawo layin dogo daga Zariya a 1914, ita ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu garin nan neman aiki. Suna da kyau a hoto, amma suna da zurfi, kuma sun ci rayuka.

Mai son hawa da ƙafa kuwa, tsaunukan Shere suna gabas da gari, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Akwai matasan da ke haɗuwa ranar Asabar da sassafe su hau. Abin da na lura shi ne, namu 'yan Bauchi Road da Gangare da Anguwar Rogo ba su cika yawa a cikinsu ba, alhali daga ƙofar gidan wasunmu ana hango duwatsun.

A nan ne nake ganin muna da namu laifin. Bahaushe matafiyi ne tun zamanin fatake, amma tafiyarsa ta dalili ce: fatauci, neman ilimi, biki, ta'aziyya. Ka ce wa mutum za ka je kallon dutse, sai ya tambaye ka wa ya rasu a can. In ka ce ba kowa, ya ce yawon banza. Amma shi wannan mutumin, in Allah ya hore masa, zai biya miliyoyi ya je Dubai ya hau rairayi a mota ya cika mana waya da hotuna. Rairayi fa! Ba hassada nake ba, Allah ya ƙara buɗi. Ina dai mamaki ne.

Hukuma kuma tana da nata. Jihar tana yi wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, amma duk sa'ad da aka tashi maganar, sai ka ji ana lissafin manyan otal da masu zuba jari daga waje. Ni buƙatata ba ta kai nan ba. A fasa gefen dutse a wuri biyu ko uku a yi filin da mota goma za su tsaya, a sa shingen ƙarfe mai ƙarfi. A kafa allo da Hausa da Turanci tun kafin a iso, ya ce ga Assop a gaba. A yi banɗaki mai tsabta da wurin alwala. A ware wa matan da ke sayar da dankalin Turawa da karas da kabeji da ayaba rumfa, su daina bin mota da gudu da tire a ka. Sannan a horar da samarin Birom da Aten na ƙauyukan nan su zama 'yan rakiya, tunda su suka san kowace 'yar hanya, inda maciji yake, da inda al'adarsu ta hana baƙo takawa.

Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci a wurina, saboda maganar tsaro. Ba zan yi muku ƙarya ba, Riyom da Barikin Ladi sun ga tashin hankali, an sha tare matafiya, kuma kowane ɓangare yana da gawar da yake tunawa. Akwai lokutan da mai hankali ba zai tsaya ba, ya wuce kawai. Amma saurayin da abincinsa ya dogara da motar da za ta tsaya, shi ne zai fi kowa son hanya ta zauna lafiya. Matar da ke sayar maka da dankali ba ta tambayar sunanka kafin ta ƙara maka gyara. Ban ce ciniki zai warware rikicin ƙasa da na kiwo ba, wannan sai adalci. Na dai san wucewa da gilashi a rufe bai warware komai ba.

Ga wanda ke da motarsa kuma yake son gwadawa, ƙarshen damina ya fi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa tana kore, ruwan Assop bai ja baya ba, ƙurar hunturu ba ta rufe sararin ba tukuna. Ka bar Abuja bayan asuba don ka isa da hantsi. Ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka tashi, sun fi rediyo sani. Kada ka je kai kaɗai, kada yamma ta same ka a daji, ka sa takalmi mai kama ƙasa ba silifa ba. In za ka shiga gonar mutane ko ka hau dutsen ƙauye, ka fara yin sallama ka nemi izini. Ledar ruwanka da robar lemonka kuma ka dawo da su mota, don abin da na gani a bakin ruwan Assop na shara bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.