Ranar da Wofa ya karɓi jitata

Jitar nan dai kun san tarihinta, domin babu wanda bai ji ƙararta ba a layinmu na Aboabo, a nan Kumasi, tun daga ranar da na shigo da ita daga Adum a cikin buhun shinkafa, bayan na biya sidi 600 ga wani mutum da ya rantse mini cewa daga Jamus aka kawo ta. Shekarata 41 a lokacin, ko kuntigi ban taɓa riƙewa ba, amma na ƙudura cewa kafin shekara ta zagayo sai na kaɗa waƙa guda daga farkonta har ƙarshenta. Na fara da YouTube da kod uku, wato haɗin sautuka da ake danna tsirkiyoyi a kaɗa su tare, G da C da D, waɗanda aka ce duk wanda ya iya su ya iya waƙoƙi masu yawa. Abin da ba a gaya mini ba shi ne tsirkiyar ƙarfe tana cin yatsa, kuma sai mutum ya yi makonni yana shan azaba kafin kan yatsunsa ya yi kanta. Allah ya taimake ni hannun hagu ne yake danna tsirkiya, ba wanda nake cin tuwo da shi ba.

Cikin wata biyu na iya tashi daga G in sauka a C ba tare da na tsaya na ƙirga yatsuna ba, na ƙara Em da Am, sannan na isa kan F, inda na yi zaman wata huɗu. Ita F sai an kwantar da manuniya ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya a firet na farko, wato gaɓar farko ta wuyan jitar, sauran yatsu uku kuma kowanne yana da nasa aiki, kuma idan manuniyar ta ɗan saki sai sautin ya mutu. Wani dare uwargida ta leƙo ta tambaye ni cikin ladabi, “Baban yara, jitar ce ba ta da lafiya ko kai ne?” Ranar da F ta fito fes, sai na ɗauka na gama karatu.

A wannan hali nake aka sa ranar bikin abokinmu na Asawase, wanda kun san mahaifiyar amaryarsa Ba'ashantiya ce daga Bantama. Babu wanda ya roƙe ni. Ni da bakina na ce zan karrama surukai da Yaa Amponsah a wajen liyafa, har na tsaya a majalisar ataya ina bayani cewa wannan waƙa ita ce tushen kiɗan jita na hailaif, kuma ƙungiyar Kumasi Trio ce ta naɗe ta a faifai a Landan tun 1928, kamar ina wurin aka yi. Mako shida ina maimaita ta a ɗaki, har yarana suka haddace wuraren da nake kuskure suna jira in iso su.

Daren Juma'a, ana gobe liyafa, na ga ya dace in girmama taron da sababbin tsirkiyoyi, na cire tsofaffin na ɗaura sababbi. Duk wanda ya daɗe da jita ya san sabuwar tsirkiya tana miƙewa a hankali, sautinta yana ta sauka har sai ta yi kwanaki ta zauna, shi ya sa masu sana'ar ba sa canjawa ana gobe wasa sai sun ja ta sun sake saitawa sau da yawa. Ni ban sani ba. Bugu da ƙari, tun da na fara koyo ban taɓa saita jita da kunnena ba, akwai manhaja a wayata wadda nake kaɗa tsirkiya ina murɗa kunnen jitar har allura ta tsaya a tsakiya ta yi kore. Na san sunayen tsirkiyoyin a jere daga mai kauri zuwa siririya, E da A da D da G da B da E, amma da za a rufe mini ido a kaɗa biyu daga cikinsu ba zan iya cewa wacce ta fi wacce tashi ba. Da safe na saita ta ta yi kore, da yamma na ɗora ta a cinya cikin pragya, keken haya mai ƙafa uku, muka bi ta ramukan hanya cikin busasshiyar iskar hunturu har Asawase.

A nan ne mai lasifika ya shigo labarin, kuma ba zan ambaci sunansa ba, kun san shi, shi ne wanda har yau yake riƙe da kujerun roba goma na ƙungiyarmu tun sunan da aka yi a gidan yayarsa. Ina sauka ya tare ni da cewa kwamfutarsa ta mutu, in taimaka masa da wayata ya riƙa sa waƙoƙi da ita na minti goma kacal. Na ba shi, ya jona ta da na'urarsa, kuma daga wannan lokaci wayata ta zama dukiyar jama'a, domin duk sa'ad da na matso in karɓa sai ya ɗaga mini hannu ya nuna mini mata suna rawa, wai ko ina so in tsayar da bikin mutane. Mutumin nan ya san zan yi wasa, ya san kuma da wayar nake saiti, domin a gabansa na taɓa yi a majalisa har ya ce abin ya burge shi. Wannan kuma shi ne mutumin da ya taɓa gaya mana cewa ya yi shekara uku yana kaɗa jita a wata ƙungiya a Takoradi, alhali ranar da na miƙa masa tawa a kife ya riƙe ta, wuyan yana kallon dama, ya ce ai haka 'yan bakin teku suke yi. Ban ƙaryata shi a gaban mutane ba a ranar, na rufa masa asiri, ga kuma sakayyar da na samu.

Bayan sallar isha'i ya kashe kiɗa ya ɗauki makirfo ya sanar da cewa yanzu jama'a za su ji Ali Farka Ture na Aboabo, wai ni ne shahararren makaɗin jitar nan na Mali. Aka yi tafi. Dangin amarya suna jere a gaba cikin fararen zannuwa, Kawu yana gefe da carbinsa, shi da ya daɗe yana cewa bai ga abin da magidanci mai 'ya'ya huɗu zai yi da molon Turawa ba. Na zauna a kujera, mai lasifika ya kawo makirfo daf da ramin jitar, na jera yatsuna a kan C kamar yadda na yi sau dubu a ɗaki, na sauke hannu.

Abin da ya fito daga lasifikan nan huɗu ya fi kama da ƙarar ƙofar langa-langa da iska ta buga. Na dubi hannuna na hagu da tuhuma, na ga kowane yatsa yana inda ya kamata, sai na yanke cewa ban danna da ƙarfi ba ne, na ƙara dannawa har farcena ya yi fari, na sake kaɗawa. Ƙofar langa-langa ta sake buɗewa. Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi, na kai hannu na murɗa kunne ɗaya, sai daga baya na gane cewa na murɗa na tsirkiyar da ba ita na kaɗa ba, kuma na murɗa shi ta inda zai ƙara sassauta ta. Wurin ya yi tsit har ina jin injin janareto daga bayan gida, sai wani yaro a layin gaba ya tambayi mahaifiyarsa da ƙarfi, “Mma, ya fara ne ko gyara yake yi?”

Da na ji haka sai na ce a raina tsayawa ta fi ci gaba muni, na afka cikin waƙar. Tsoro yana sa mai koyo gudu, ni kuwa ban taɓa yin atisaye da abin ƙidayar bugu ba, saboda haka na fara da tafiyar raƙumi, kafin in kai F ina sukuwa. Matan dangin amarya, Allah ya saka musu da alheri, suka fara tafi don su tallafa mini, amma tafinsu yana kan bugun waƙar na gaskiya, ni kuwa ina wani wuri dabam, har muka rabu ba mu haɗu ko sau ɗaya ba. Ana cikin haka wata dattijuwa ta taso a hankali ta manna mini takardar sidi 2 a goshi, kuma ko makaho ya san wannan liƙi na tausayi ne. Gumi ya riƙe takardar ta zauna daram, hannuwana biyu suna kan aiki, babu halin cirewa. Mai lasifika, wanda hannunsa yake kan maɓallin da zai iya rage sauti ya cece ni, sai ya ƙara.

Sannan ɗan robar da nake kaɗawa da shi ya suɓuce daga yatsuna masu gumi ya faɗa cikin ramin jitar. Mai hankali zai ci gaba da babban yatsa. Ni miƙewa na yi tsaye, na kife jitar a saman kaina ina girgiza ta ina leƙen ramin da ido ɗaya, robar tana ƙwal-ƙwal a ciki, lasifika yana kai ƙarar har bakin titi, kuɗin yana nan a goshina. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Bidiyon da ya zagaya ya nuna daƙiƙa 40, amma ni na san an yanke. Na hango Kawu ya daina jan carbi ya sunkuyar da kai, ango kuma ya sami wani abu mai muhimmanci da zai duba a takalminsa.

Wani tsoho daga dangin amarya, ɗan'uwan mahaifiyarta da kowa yake kira Wofa, ya taso da zanensa a kafaɗa ya miƙo hannu ba tare da ya ce komai ba, ni kuma na ba shi kamar yaron da aka kama da abin da ba nasa ba. Ya zauna a kujerata ya kwantar da kunne, ya danna tsirkiya mai kauri a firet na 5 ya daidaita ta biyu da ita, ya bi su haka ɗaya bayan ɗaya, sai da ya zo tsakanin G da B ya koma firet na 4, kuma duka bai ɗauki minti ɗaya ba. Bai nemi roba ba. Da babban yatsa da manuniya kawai ya fara, babban yana riƙe da bugu a tsirkiyoyi masu kauri, manuniya tana zuba waƙa a sirara, salon da daga baya na ji cewa matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya ne suka yaɗa shi a gaɓar tekun nan, kuma shi ne makaɗin jita Koo Nimo ya shahara da shi a garin nan. Jitata ce, wadda na yi shekara ina zargin cewa mai sayarwa ya cuce ni, take fitar da wannan sauti. Robar da ke ciki ma tana ɗan kaɗawa daidai da bugunsa, har wani ya tambaya ko da gangan aka sa ta.

Sandar makirfo ta ƙi tsayawa a daidai tsawonsa, sai mai lasifika ya zare makirfon ya danƙa mini ya ce in riƙe wa Wofa. Haka na durƙusa a gaban tsohon nan kusan minti 20, hannuna a miƙe, mata suna rawa suna tsallake ƙafafuna suna zuba masa kuɗi, wasu takardun suna sauka a kaina ina tattara masa. Da ya gama ya dube ni ya tambaya da Hausarsa ta zango, “Yarona, wane ne malaminka?” Na ce waya ce. Ya gyaɗa kai ya ce hannuna ba shi da laifi, sai dai malamin nawa ya manta bai ba ni kunne ba, sannan ya sa yatsa biyu ya ɓamɓare sidi 2 ɗin daga goshina ya sa mini a aljihu.

Yanzu duk Lahadi da la'asar ina Bantama. Rabin sa'a na farko ba ya barin in taɓa tsirkiya, sai dai ya ba ni kwalba da ƙusa in riƙe masa bugu yana kaɗawa, in na yi gudu ya tsaya ya zuba mini ido har in ji kunya. Bayan nan yakan sassauta tsirkiya ɗaya a ɓoye ya ce in nemo ta, kuma makon jiya na same ta a gwaji na biyu. Yaa Amponsah dai ya ce ba bana ba.

Wayata kuwa sai ƙarfe 1 na dare mai lasifika ya dawo mini da ita, caji ya kusa ƙarewa, ya kuma ce in tura masa lambar Wofa domin yana da wani biki a Sawaba. Ban tura ba tukuna. Robar tana nan cikin jitar har yau, na gwada da tsinken tsintsiya ta ƙi fitowa, kuma Kawu ya aiko a tambaye ni ko zan sayar da jitar in sayi akuya.