Gaisuwar suruki a kan injin Tiger

Ku da kuka ga bidiyona ina kan keke mai injin janareta a WhatsApp ɗin ƙanin matata, rabin labari kuka gani, don bai fara ɗauka ba sai da ya tabbatar abin ya ɓaci.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, kuɗin adaidaita sahu daga Kurna zuwa Sabon Gari ya fara cin tuwon yara. Ga tsohon janaretana Tiger a bayan ɗaki, koyil ya ƙone amma inji garau. Na shiga Ƙofar Ruwa na tsinto tayoyin baro biyu da sarƙar Jincheng da farantinta mai haƙora, 'yan gwangwan suka sayar mini da ƙashin wani keken Phoenix. Mai waldan bakin titi, kun dai san shi, ya haɗa su, ya ɗaure injin a bayan sirdi, aka fesa jan fenti. Yaran layi suka fara kira na Injiniya, ni kuma ban hana su ba.

Kuloci dai babu, sarƙa ce kai tsaye daga inji zuwa taya, saboda haka ba a jan igiya, turawa ake yi ya kama. Birki guntun taya ne a jikin ƙarfe, in ka taka ya danne tayar baya. Makunni kuwa ya bi allon janareta zuwa bola. Da na tambayi yadda ake kashewa, mai walda yana ɓarar gyaɗa ya ce, "Alhaji, hular fulogi kawai za ka fizge." Shi ne kuma ya ce a bar gwamna a wurinsa. Gwamna ɗan ƙarfe ne da siririn sifirin, aikinsa ya riƙe injin janareta a juyi 3000 a minti, da ya ji nauyi ya ƙaru sai ya buɗe wa kafireto mai. Ku riƙe wannan a ranku.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka fito da shi filin firamare. Na zuba lita ɗaya daga wajen ɗan bumburutu, na gauraya da baƙin mai yadda Tiger ke so. Ina sanye da farar shaddata ta masallaci, don na san za a ɗauki hoto. Majalisa ta cika a gindin darbejiya, mai shayi ya fara jera gwangwanayen madara. Yara suka tura, injin ya yi tari, ya saki shuɗin hayaƙi, ya kama. Wallahi zagayen farko na ji daɗi, har hannu na ɗaga wa jama'a.

Da na zo daidai majalisa na taka birki. Gwamna ya ji nauyi, ya ɗauka firji aka jona masa, ya ƙara mai. Na sake takawa da ƙarfi, ya sake ƙarawa, guntun tayar ya yi ƙauri ya fice ya bar ni. Na miƙa hannu baya na laluba hular fulogi, wuta ta fizge ni tun daga yatsa har haƙori, na yi wata ƙara da matata ta rantse daga cikin gida ta ji ta. Daga nan ban sake kai hannu wurin ba. Na ci gaba da kewaya fili kamar akuyar da aka ɗaura wa gwangwani a wutsiya, ina lissafin tsawon lokacin da lita ɗaya ke ɗauka a Tiger, na tuna muna kallon wasan ƙwallo sukutum da ita.

A nan ne surukina ya iso. Ya leƙa gida aka ce masa ina fili, ya tako da carbinsa ya tsaya a bakin majalisa, kowa ya miƙe. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, yau ga ni zan wuce shi a guje.

"Baba ina wuni!" Na wuce.

Na kewayo, yana nan inda yake. "Lafiya lau, ya iyali?"

"Lafiya ƙalau Baba, ya su Haji..." Na wuce.

Dattijon nan bai fasa ba, kuma bai nuna ya ga wani abin mamaki ba. Duk kewayowa yana da tambaya a ajiye: ya aiki, ya jikin ƙaramar, an samu ruwa a wajenku? Ni kuma kunya ta hana ni yin ihun a taimaka a gabansa, sai in rusuna da kai in amsa, in na yi nisa can wajen ajin 'yan firamare ɗaya sannan in buɗe murya, "Ku rufe mai! Ku rufe mai!" Yara suka ɗauka kirari ne, suka biyo ni suna amsawa da tafi.

Sarƙa ce ta raba gardama. Ta cafke ƙafar wandona ta naɗe, ta yi sama da shi har gwiwa, inji ya shaƙe ya mutu, na zube a gaban Baba a durƙushe, yadda ya kamata tun farko. Ya dube ni, ya dubi abin, ya ce, "Madalla. Dama aron janareta na zo, gobe akwai walimar sauka a gida."

Na ce, "Baba, ai shi ne wannan."

Ya ce to, Allah ya sa albarka, ya juya.

Amma ni wanda ya tsaya mini a rai mai shayi ne. Duk wannan bidirin mutumin nan bai ajiye kofi ba, yana ta fifita shayi daga sama. Abu ɗaya ya yi, ya janye kiret ɗin ƙwai zuwa ƙarƙashin tebur, kuma tun kafin a tura ni ya janye shi, na gani da idona. Wato ya san abin da zai faru ya yi shiru. Wannan fa shi ne wanda na ja wa waya daga wannan Tiger ɗin, ƙwan fitila ɗaya kyauta, duk azumin da aka yi ba wuta, ko "ga na mai" bai taɓa cewa ba. Da na miƙe ina riƙe da rabin wando, sai ya ce, "Injiniya, a soya maka ƙwai biyu ko uku?" Majalisa ta kwashe. Kuma ya soya, kuma ya rubuta a littafin bashi. Yanzu duk wanda ya tsaya shan shayi sai ya nuna masa inda na faɗi da cokali, har ya ƙara da cewa wai na yi salati da Turanci, abin da ba a yi ba.

Na koma shan shayi a layin baya, nasu ma ya fi kauri. Mai walda ya aiko wai a nemo kulocin injin yankan katako a gwada, ɗan gwangwan kuma ya zo ya ɗaga abin da hannu ya ce sai dai a auna a kilo. Ban ba kowa amsa ba tukuna. Janaretan walima dai haya na biya.