Ranar da na kafa dokar hana leda a gidana

Da Babbar Sallah abin ya faro. Mahauci ya farke tumbin ragon da na yi wata huɗu ina ɗura wa dusa da harawa, sai ga dunƙulen baƙar leda ya kai ƙwallon yara. Ashe duk ramar nan da nake ɗora wa mai dusa laifinta, ledar ƙosai ce da ta awara da yara ke yarwa a tsakar gida. Nan take na tara iyali na ce daga yau leda ba ta ƙara shigowa gidan nan. Har misali na kawo musu da Legas, da ta hana farar robar nan ta zuba abinci mai kama da soso tun 2024. Uwargida ta ce, "To, Malam," irin to ɗin nan da ba ta kai zuci ba.

Bayan kwana biyu na ɗauki langa biyu da kaina, na nufi wurin mai koko da ƙosai a Tudun Wada. Ban kai ba wani dattijo ya tsaya, ya dube ni, ya dubi langa, ya ce, "Bawan Allah, Allah ya rufa asiri," ya miƙo min naira ɗari. Na shiga rantse-rantse, shi kuwa ya ɗauka kunya ce, ya ƙara hamsin.

Da na isa na ce, "Inna, a zuba min nan, ba na son leda." Ta ce to. Ta ƙulla koko a leda, sukari a wata 'yar leda, ƙosai a ta uku, yaji a ta huɗu, sannan ta jera su cikin langa a tsanake ta rufe. Na yi magana, ta ce, "Ɗan nan, ai don kada langarka ta ɓaci ne." Da ƙyar ta yarda ta kwance ta juye. Ledojin huɗu kuwa ta wurga su kwata ina kallo.

Dawowa na hau acaɓa. Wanda bai taɓa rungumar koko mai zafi a kan babur ba bai san darajar ƙullin leda ba. Ramin farko murfi ya yi tsalle, na biyu koko ya sauka a cinyata, ɗan acaɓa ma ya samu rabonsa a gadon baya, har Kofar Doka yana yi min addu'ar da ba zan maimaita ba. Ƙosai biyu ne suka iso gida da rai, su ma a aljihu.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta ɗaga katifa, na ga ledoji a ninke sun fi ɗari, ta zaro ɗaya, ta cusa shaddata a ciki ta ƙulle tamau.

"Malam, ga shi ka kai wa mai wanki. Ko in zuba maka a langa?"