Ƙanƙarar firizar Inna

Da na je gida Gombe bayan Babbar Sallah, na nufi firizar Inna zan ɗauko naman layya. Sai da na sa hannu biyu kafin murfin ya ɗago. Ƙanƙara ta lulluɓe bangon ciki, kaurinta ya kai yatsu uku, har ta haɗiye wata leda ta kayan miya da ba wanda ya san ranar da aka sa ta. Na ce, "Inna, ai wannan ta isa narkarwa." Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai ɗan nan, zaman Turai ya ɓata ka. In aka ɗauke wuta kwana biyu, wa zai riƙe min naman in ba ita ba?"

A Manchesta, inda nake zaune, ƙanƙara a bangon firiza aibu ce. Da yawa daga cikin na can ma da kansu suke narkar da tasu, akwai ɗan hita a ciki da ke kunna kansa lokaci zuwa lokaci. Wuta ba ta ƙiftawa, sanyi na tsaye a digiri 18 ƙasa da sifili, shi ke nan. A unguwar Jekadafari ta Gombe kuwa ƙanƙara dukiya ce. Duk wanda ya yi azumi cikin zafin Maris da Afrilu, ya bi layin sayenta kafin shan ruwa, ba sai an gaya masa ba.

Don haka ban ce Inna ba ta da gaskiya ba. Firiza cikakkiya, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48 ba wuta. Mai rabin kaya kuwa kamar awa 24. Inda muka rabu shi ne wurin da ƙanƙarar take. Ta bango bargo ce tsakanin bututun sanyi da abinci. Sai injin ya yi ta gurnani, ya cinye 'yar wutar da aka kawo, nama bai daskare ba. In ta wuce rabin santimita, a narkar da ita. Mai son ajiyar sanyi ya cika gorunan ruwa, ya bar ɗan sarari a wuya don kada su fashe, ya jera su a ƙasan firizar.

Abin da ya fi ba ni haushi a gida shi ne wuƙa. Ƙanena ya taɓa kai wa tsohuwar firizarmu sara, sai muka ji "fuuu", gas ya tsere. Mai gyara ya zo ya girgiza kai kawai. Alhali aikin bai wuce a zare soket, a kwashe kaya zuwa kula, a ajiye kwanon ruwan zafi a ciki, a rufe ba. Ƙanƙarar da kanta take ɓantarowa.

Ranar muka yi hakan ni da ƙanwata. Muka goge ciki ya bushe, muka ja firizar nesa da bango, muka kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe wajen injin. Na maƙala takardar naira ɗari biyar a bakin murfin na ja, ta zaro salin-alin: robar ta saki, ta nan iska mai laima ke shiga tana zama ƙanƙara.

Inna tana zaune a tabarma tana kallonmu. Babban dunƙulen da ya faɗo ta sa aka jefa mata a randa, ta kuma karɓe ɗari biyar ɗin.