Tebur Mai Ƙafa Ɗaya

Kafinta ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin sabon teburin falo, ya daɗe a can, sannan ya ɗago.

Kafinta: Alhaji, sauran ukun fa? Kwastan ne suka riƙe?

Alhaji: Waɗanne uku?

Kafinta: Ƙafafu mana. Ni dai ɗaya na gani.

Alhaji: Haka aka yi shi! Ƙofar kicin na kira ka ka gyara, ba ƙidayar ƙafa ba. Kai, zo ka wayar masa da kai.

Ɗan boko ya gyara zaman tabarau. (Lafiyar idonsa ƙalau, kowa a gidan ya sani.)

Ɗan Boko: Baba, wani mai zanen gine-gine ne ya ƙirƙiro shi, Eero Saarinen, haifaffen Finlan mazaunin Amurka. Kamfanin Knoll ne ya fito da shi a 1957. Cunkoson ƙafafu a ƙarƙashin tebur da kujeru ne ya dame shi, shi ne ya mayar da su ɗaya.

Kafinta: Ka dai ce katako ne ya ƙare masa.

Ɗan Boko: Ai babu katako a ƙafar. Alminiyon ake narkawa a zuba, a yi gindin da faɗi da nauyi, shi ya sa ba ya kifewa. Saman kuma marmara ce daga Italiya.

Kafinta: Dalma kenan, irin ta tukunya? Yanzu na ji magana. Ashe maƙerin tukunya aka ba aikin kafinta. Ga shi nan kuwa, kamar an ɗora faifai a kan turmi.

Alhaji: Turmin nan da dala na saye shi.

Kafinta: Allah ya mayar da alheri. Amma ni tun ina yaron shago ban taɓa sallamar tebur da ƙasa da ƙafa huɗu ba. Mai uku ma sai da aka kai ni gaban mai unguwa. Ka bari in yanko maka uku na maɗaci, zan yi maka ragi.

Ana cikin haka Hajiya ta shigo da jug ɗin zoɓo, ta nufi tebur.

Alhaji: Kul! Kada ki soma!

Ɗan Boko: Mama, tsami yana cin marmara. Zoɓo, lemon tsami, kunun tsamiya, duk suna barin tabo.

Hajiya: To shayi fa?

Alhaji: Da zafi.

Hajiya: Kwanon tuwo?

Alhaji: Da nauyi.

Kafinta: Af! To na janye rabin maganata. Wanda ba ya ɗaukar komai, ai ƙafa ɗaya ma ta yi masa yawa.

Ɗan Boko: Ba za ka gane ba, Baba. Na asali har ɗan faranti yake da shi a ƙasa, da sunan Knoll da sa hannun Saarinen. Leƙa ka gani.

Kafinta ya sake leƙawa. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya sa farce a gefe, sannan ya ɗaga teburin gaba ɗaya da hannun hagu. Da hagu fa, mutumin da ko buhun siminti sai an kama masa.

Kafinta: Faranti dai babu. Amma na ga ɗan uwana. Alhaji, wannan filawud ne aka manna wa fomeka.

Ɗan Boko: Abba... a ina ka saya?

Alhaji: A Instagram. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Mai shagon har ce min ya yi guda biyu suka rage a duniya.

Hajiya: Kira shi mana.

Alhaji: Lambarsa ba ta shiga tun ranar da na tura kuɗi. Matsalar sabis ce, kin san ƙasar nan.

Kafinta: To tunda katako ne, ƙusa za ta shiga. In yanko ukun?

Alhaji: Farantin ma cire shi suka yi saboda ɓarayi, manyan kamfanoni haka suke yi.

Hajiya: Yanzu dai in ajiye zoɓon? Hannuna ya gaji.

Alhaji: Ko filawud ne, na Italiya ne. Ajiye shi a ƙasa.