Kofi 28 a Dare Ɗaya

Tun 1999 nake goyon bayan Manchester United, kuma yayana ne ya jawo mini. Shi ya ja hannuna zuwa gidan maƙwabtanmu a Unguwar Rogo da ke Jos, daren da Sheringham da Solskjaer suka zura wa Bayern Munich ƙwallo biyu ana dab da tashi. Daga baya shi Allah ya yaye masa, ya kama harkar dankalin Turawa a Farin Gada, yanzu ko sunan golanmu bai sani ba. Ni ya bari da jinya.

A zamanin Ferguson kam na ci duniyata da tsinke. Da muka yi wa Arsenal 8 da 2 a 2011, mako guda cur ina kiran wani abokina ɗan Arsenal da ƙarfe takwas da minti biyu na dare, in ya ɗauka in ce, "Don Allah ƙarfe nawa a agogonka?" Har mahaifiyarsa ta aiko a ba ni haƙuri. Ban san rami nake haƙa ba, kuma ban gina shi gajere ba.

Tsohon ya ajiye aiki a 2013 bayan kofin lig na 20, shi ke nan muka shiga uku. Moyes bai cika shekara ba. Aka kawo Van Gaal, aka kawo Mourinho, aka dawo da Solskjaer ɗin da ya jefa ni cikin wannan hali tun farko. Ni tela ne, na san irin wannan ciwon: keke ya lalace, kai kana ta canza allura. Amma duk sabon kocin da aka kawo, ni ne na farkon zuwa teburin mai shayinmu na titin Bauchi in buga benci in ce, "Bana kam an gama wasa."

To, ranar da nake son ba ku labari ita ce Lahadi, 5 ga Maris, 2023, ranar da muka kara da Liverpool. Ku yi mini adalci, ina da hujjar baki. Kwana goma kafin nan mun fitar da Barcelona daga gasar Europa, mako ɗaya kafin nan mun doke Newcastle 2 da nema mun ɗauki kofi. Rashford kuwa duk abin da ya taɓa sai raga. Da safe na tarar da Dogo mai faci da wasu 'yan Liverpool uku suna karyawa. Dogo bai tanka mini ba, ni na taka shi. Na ce, "Dogo, duk ƙwallon da kuka ci mu yau, ku huɗun nan kowa ya sha shayi mai kauri a kaina."

Malam mai shayi ya tsaya da sheƙa shayin da yake yi, ya ce, "Oga tela, wannan ba caca ba ce kuwa?"

Na ce, "Wace caca, Malam? Ai ban ce su ba ni komai ba. Sadaka ce, kuma ba za ta fita ba."

Ya ce, "Har da madara?"

Na ce, "Har da Bournvita."

Ƙarfe biyar da rabi aka take wasa. Na zauna a bencin gaba na gidan kallo, sanye da jar jesina mai lamba 10, kusa da fankar da ba ta juyawa. Wallahi rabin farko mun taka leda. Ana dab da tafiya hutu Gakpo ya ci ɗaya. Dogo ya juyo ya ɗaga mini yatsu huɗu. Na ce kofi huɗu ai ba abin tayar da hankali ba ne, ko baƙo ka yi ka sayi fiye da haka.

Aka kira magariba, na fita na yi alwala na bi jam'i a masallacin bakin layi. Allah ya yafe mini, muna raka'ar farko na ji gidan kallo ya ɗauki ihu. Zuciyata ta ce mun farke. Ba mu kai ga tahiya ba na sake jin wani ihun, har da buga kwanon rufi. Na ce Alhamdulillahi, mun wuce gaba. Ko addu'ar bayan salla ban tsaya ba, na zari takalmi, ashe ma ƙafa ɗaya ba nawa ba ne, na faɗa gidan kallo ina ɗaga hannu ina cewa, "Ina Dogo? Ina Dogo?"

Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka fashe da dariya. Na ɗaga kai na dubi kusurwar talabijin: 3 da 0.

Abin da ya biyo baya ba na son dogon bayani a kansa. Salah ya ci, Nunez ya ƙara, Salah ya sake. Wani yaro ɗan makarantar firamare da ke bayana ya mayar da ni darasin lissafi, duk ƙwallo sai ya ce, "Baba, huɗu sau biyar ashirin. Baba, huɗu sau shida ashirin da huɗu." Na yi ta roƙon Allah a ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi, abin da yake yi mana kullum ba a roƙe shi ba. Ranar ko tari bai yi ba. Da Firmino ya shigo daga benci ya ci ta bakwai, Dogo ya taso ya dafa kafaɗata ya ce, "Maigida, mu ma abin ya fara ba mu tausayi. Amma alkawari kaya ne."

Ga shi kuwa lokacin ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Tsofaffin takardu ana gudunsu, sababbi ba a ganinsu, masu POS sai ka sayi naira da naira. Na ce wa Malam zan yi masa taransifa, ya ce shi asusunsa gwangwanin madara ne. Ya jawo littafin bashi, ya lashi yatsa, ya buɗe sabon shafi. Maimakon sunana sai ya rubuta "Man U" da manyan baƙaƙe, ya ja layi 28 a ƙasa.

Su Dogo ba su shanye a dare ɗaya ba, mugunta ba ta bar su ba. Kullum da safe kowa kofi ɗaya, har kwana bakwai, kuma sai sun aiko yaro shagona ya ce in zo in shaida. Dogo ya raɗa wa kowace rana suna. "Yau ta Gakpo muke sha." Ran ta Firmino har da gayyato abokin nan nawa ɗan Arsenal, wanda ya iso ya zauna bai ce uffan ba, sai can ya dube ni ya ce, "Don Allah ƙarfe nawa a agogonka?" Bakwai daidai na safe.

A gida ma ban tsira ba. Uwargida ta ji labari a wajen masu kitso. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Baban yara, ashe kai ma ka ɗauki kofi bana? Aka ce har 28. To na cefane sai wace kakar?" Bashin dai da ɗinki na biya shi. Azumi ya kama, na ɗinka wa Malam kaftani da wando na salla, da na 'ya'yansa maza biyu, ban karɓi ko sisi ba, ina taka keke ina tsine wa bakina.

Mutane suna ce mini in canza ƙungiya mana, ai ba auren zobe aka ɗaura mana ba. Ɗana na fari ya riga ya bi shawararsu, shuɗiyar rigar Haaland yake sawa a cikin gidana, yana cin abincina. Na taɓa gwadawa a 2025, da muka ƙare a mataki na 15 kuma Tottenham, Tottenham fa, ta doke mu a wasan ƙarshe na Europa. Na ninke jesin na cusa ƙarƙashin buhun ƙyallaye, na ce daga yau Plateau United kawai na sani, tafiyar Keke Napep ɗaya ce zuwa filin wasa na titin Zariya, in sun ɓata mini rai aƙalla za su ji muryata.

Wata biyu na yi lafiya lau, har ƙiba na fara. Da Agusta ta ƙarato aka fara maganar sababbin 'yan wasa, ban san lokacin da na zaro jesin na goge ta ba. Na isa teburin shayi, na gyara zama, na buga benci na ce, "Jama'a, bana kam..."

Malam bai ko ɗago kai ba. Ya miƙa hannu bayan tulun shayi, ya jawo littafin nan, ya lashi yatsa.