Teku ma yanzu sai da tikiti, ga banɗaki ba ko ɗigon ruwa

Ina son a nuna mini mutumin da ya haƙa Tekun Atlantika, ya zuba masa ruwa, ya shimfiɗa yashin bakinsa, don in san wa nake biya. Abin da ake yi wa talaka a bakin tekun Legas ya wuce kasuwanci, ya zama tatsa a fili da rana tsaka. Kuma ba biyan ne ya fi ƙona mini rai ba. A Legas muke, mun san ba abin da ake samu a banza. Abin haushin shi ne ka biya, ka sake biya, ka ƙara biya, sannan ka waiga ka rasa abu guda da aka yi maka da kuɗin.

Dogon hutun makaranta ne ya jawo mini. 'Ya'yan ƙanwata sun zo daga Katsina, ba su taɓa ganin teku ba sai a waya, nawa kuma sun cika musu kunne da labari. Kullum na dawo daga kasuwa sai ƙaramar cikinsu ta tare ni a ƙofa: "Kawu, yaushe za ka kai mu mu ga ruwan da ba shi da ƙarshe?" Wa zai iya cewa a'a? Muka haɗa kai da maƙwabta biyu a nan Agege, muka yi shatar ƙaramar bas. Uwargida ta tashi tun kafin asuba ta yi dafa-duka, ta soya kaji, ta cika kula da zoɓo da kunun aya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da shatar mota ta koma, don haka tun ba mu bar unguwa ba aljihu ya fara kuka.

Hanya ba zan ɓata bakina a kanta ba. Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 mun wuce ta lafiya, amma muna hawa titin Lekki zuwa Epe gosulo ya riƙe mu har yara suka yi barci suka farka. Wannan Legas ce, na yafe.

Wanda ban yafe ba ya fara ne tun kafin mu ga ƙofa. Muna karya kwana zuwa bakin ruwan, wasu samari suka gitta igiya a hanya, wai kuɗin shiga unguwa. Ba rasit, ba rigar aiki, ba takarda, sai ihu da buga jikin mota. Direba ya ce, "Alhaji, ka ba su kawai, in ba haka ba madubina ne zai tafi." Na ba su. Gaba kaɗan, kuɗin ajiye mota, a fili mai taɓo da ruwan sama ya kwanta. Sannan ƙofar gaske, inda aka ƙirga mu kai da kai, har da yarinyar da ke goye a bayan uwarta sai da aka yi gardama a kanta. Farashin da na gani a shafinsu na intanet daban, wanda aka faɗa mini a ƙofa daban. Na nuna wa mai karɓar kuɗin wayata, ko kallo bai yi ba, ya ce wancan na ranakun aiki ne, yau Asabar, kuma lokacin hutu ne. To me ya hana ku rubuta hakan? Kun san sarai wanda ya kwaso yara cikin mota daga Agege ba zai juya ba. Da wannan kuke cin mutane.

Na ce zan yi taransifa, aka ce ba sabis. Can gefe kuwa ga mai POS a zaune ƙarƙashin lema yana jira, shi nasa sabis ɗin lafiya lau, kuma cajin da yake cira ya ninka na unguwa. Ni dai ban ce sun haɗa baki ba.

Sai aka zo kan kula. Wani ƙato ya buɗe murfin abincinmu da hannunsa, ya leƙa, ya ce ba a shiga da abincin waje sai an biya. Ina tsaye ina kallon fuskar matata. Matar da ta hana idonta barci, ta tsaya kan wuta tun duhu, wai sai an biya haraji kafin 'ya'yanta su ci shinkafar da ta dafa da kuɗin mijinta! Ta ce a hankali, "Maigida, ka bari mu mayar mota, ma ci in mun fito." Na ce wallahi ba za a yi haka ba, yara ba za su wuni da yunwa ba. Na biya kuɗin kular abinci. Aka ce ta zoɓo daban. Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne, muna shiga na gan shi: a ciki ana sayar da ruwan gora da lemo ninkin-ba-ninkin kuɗinsu na waje, kuma rabin rumfunan ma na giya ne. Iyalin da ba su sha, ba su kuma yarda da naman da ba su san wanda ya yanka ba, me ake so su ci?

Muka shiga, muka shimfiɗa tabarma a kan yashi. Ba a jima ba wani ya zo ya ce nan gaban rumfarsa ne, ko mu kama rumfar ko mu tashi. Muka matsa. Wani ya zo da irin wannan magana. Ashe an yanka bakin ruwan kaf an raba, kowane taku da mai shi. Inda ba a biya sai can baya kusa da juji. Ga hadari yana haɗowa, ga ƙananan yara, dole na kama rumfa: katako huɗu da tsohuwar tamfol mai yoyo. Kujerun roba kuma kowace da kuɗinta. Aka cusa mu ciki kamar kaji a akurki, lasifika daga dama tana wani kiɗa, ta hagu tana wani, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, balle ƙarar tekun da ka biya don ka ji.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Banɗaki. Duk kuɗin nan da aka karɓa a ƙofa bai haɗa da banɗaki ba, shi ma sai ka biya, kowane shiga. Matata ta raka 'yan matan, suka dawo ba su yi abin da ya kai su ba. Ƙofa ba sakata, ƙasa a jiƙe da abin da ba zan faɗa ba, famfo a bushe. Wurin da ruwa ya kewaye shi, a ce an rasa na wanke bayi! Namiji zai iya zagayawa bayan katanga, kuma haka mazan wurin ke yi, warin ma shi ke gaya maka. Mace fa? Yarinya budurwa fa? Haka suka matse har yamma, suka daina shan ruwa don tsoro. Wurin canza kaya babu, sai da mata suka kewaye yara da zannuwa. Da azahar ta yi na tambayi inda ake salla, mai rumfa ya ɗaga kafaɗa. Da ruwan leda muka yi alwala, muka share kwalabe da guntayen sigari, muka tayar da salla kiɗa na dukan ƙeyarmu. Allah ya saka wa yaran nan masu ja da dawaki a bakin ruwa, 'yan uwanmu ne daga Arewa, ɗayansu ne ya nuna mana gefen da ya fi tsabta, ya kuma ara mana buta. Shi kaɗai ne a wurin nan ya yi mana wani abu bai miƙo hannu ba.

Datti kuwa sai wanda ya gani. Gorunan roba, ledoji, silifas ɗaya-ɗaya, fasassun kwalabe a binne cikin yashi inda yara ke gudu ba takalmi. Na san ba duka laifin masu wurin ba ne: da damina duk sharar da kwatocin Legas suka kwasa tana bi ta babban tafkin Legas ta fita teku, igiyar ruwa ta dawo da ita gaɓa. Gwamnatin jiha ta hana amfani da farantan soso na zuba abinci tun watan Janairun 2024, amma har yau ga su nan suna yawo a kan ruwa. To amma wanda ke tara kuɗi da jaka a ƙofa, ya gagara ɗaukar mutum biyar da manjagara su share kowace safiya?

Mafi muni, ban ga mai ceto ko ɗaya ba. Wani allo ne kawai da tsatsa ta ci, an rubuta da Turanci cewa duk wanda ya shiga ruwa ya kuka da kansa. Shi ke nan, sun wanke hannunsu. Alhali dogon hutun namu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya faɗo daidai lokacin da tekun nan ya fi hauka. Kuma akwai wata muguwar ja da yake yi: ruwan da igiya ta turo gaɓa yana taruwa ya koma ciki ta siririyar hanya da ƙarfin gaske, daga sama sai ka ga wurin ya fi ko'ina kwanciya, nan ne kuwa yake ɗauke mutum. Wanda ya sani ba ya kokawa da shi, gefe yake iyo har ya fita daga hanyar. Yaron da ya koyi iyo a kududdufi ko a gulbi ina ya san wannan? Babban ɗan ƙanwata ya tuɓe riga yana cewa, "Kawu, ni fa na iya ruwa." Na riƙe wuyan hannunsa na ce iyakarka idon sawu. Wunin nan ban zauna ba, ina tsaye ina ƙirga kawuna. Mutanen Legas ba su manta da watan Agustan 2012 ba, lokacin da teku ya taso a bakin ruwan Kuramo ya tafi da mutum fiye da goma. Bayan wannan har a ce akwai wurin da ke karɓar kuɗin jama'a ba shi da mutum guda a kan hasumiya da usur a baki?

Abin da ke ƙara tunzura ni shi ne na san lokacin da ba haka abin yake ba. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san Bar Beach, a Victoria Island, a gefen titin Ahmadu Bello. Daga Obalende ɗan tafiya kaɗan ne. Ranar Sallah sai ka ga Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun cika wurin da sababbin kaya, mai kuɗi da mai tura baro duk yashi ɗaya suke takawa. Ban ce aljanna ba ce. Teku ya riƙa cin gaɓar shekara da shekaru, tun da Turawa suka gina katangun dutse a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarnin da ya wuce, abin da ya tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma. Har ta kai ruwa yana hawa kan titi yana shiga gine-gine. Maganin da aka yi shi ne aka cike wurin da yashi, aka ja doguwar katangar duwatsu, aka kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai. An tsare titi, na yarda. Amma bakin ruwan da talaka ke zuwa ya tafi, kuma ba wanda ya ce ga madadinsa.

Tun daga nan abin sai ƙara matsewa yake. A bakin ruwan Tarkwa Bay, sojojin ruwa sun tashi mazauna wurin a watan Janairun 2020. A Afrilun 2024 aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar bakin teku na Landmark don a fitar da titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba mai tsawon kusan kilomita 700. Alpha Beach kuwa zaizayar teku ta daɗe tana cinye shi. Wuraren suna raguwa, jama'a suna ƙaruwa, waɗanda suka rage suka gane ba mu da zaɓi. Jihar da ke da gaɓar teku ta kusan kilomita 180, a ce magidanci ba shi da inda zai kai 'ya'yansa su taka yashi sai ya ci bashi? Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira 85,000 ne tun ƙarshen 2024. Mai karɓar wannan, in yana da mata da 'ya'ya huɗu, ya lissafa mota da ƙofa da kula da rumfa da bayi, ya gaya mini abin da zai rage masa na shinkafa. Kuma ga kuɗin makaranta na jiran kowa a Satumba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 cewa ta yi ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna domin amfanin jama'a. To ina amanar a nan? Ban ce a hana 'yan kasuwa gina wuraren shaƙatawa ba, mai kuɗi ya je ya kashe abinsa. Amma gwamnatin da ke da ma'aikatar yawon buɗe ido sukutum, ta kasa ware ko wuri ɗaya na jama'a? Ta kasa tilasta wa duk mai karɓar kuɗi a ƙofa ya kafa allon farashi ƙato inda kowa zai gani, ya ba da rasit, ya tanadi bayi mai ruwa da wurin canza kaya na mata, ya ajiye masu ceto? Jami'an da ke iya gano ɗan tireda a cikin lungu don karɓar haraji, su ne ba su san hanyar bakin teku ba?

Ruwan sama ya sauko kafin la'asar, tamfol ɗin da na biya ta zubo mana shi a ka. Muka kwashi kaya a guje. A wurin mota wani yaro ya ɓullo, ba wanda ya karɓi kuɗin safe ba, wai shi ne ya yi gadin motar. Direba kuma ya ce tunda dare zai yi mana a gosulo sai an ƙara masa.

Yanzu ga kwamitin Islamiyyar unguwarmu yana shirin kwasar ɗalibai zuwa bakin teku kafin a koma makaranta. Na samu shugaban bayan sallar isha'i na ce masa, "Malam, ka aika mutum ya je da ƙafarsa tukuna. Ya karɓo farashin komai a rubuce, har da na kula. Ya shiga banɗakin mata ya murɗa famfo da hannunsa. Ya ce a nuna masa mai ceto, ya ga fuskarsa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gagara, ni dai ba da 'ya'yana ba, kuma zan faɗa wa sauran iyaye dalili."